Lambar Fasfonka Nake Jira, Habu

Daga Malaz, birnin Riyad.

Zuwa ga ɗan uwana kuma aminina, Malam Abubakar magini, wanda mu a nan muka sani da Habu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da iyalinka da sauran mutanen gida. Ina fatan aiki yana samuwa, jiki kuma yana ɗauka. Ni ma lafiyata ƙalau, in ka cire zama wuri ɗaya da ya gagare ni kwanakin nan.

Na san za ka ji haushin ganin sunanka a nan inda kowa yake karantawa. Ka yi haƙuri. Na kira layinka har na gaji, na ba masu zuwa gida saƙo, na sa an yi wa ƙaninka magana. Shekara biyar ke nan ban ji muryarka ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta a fili, cikin masu karantawa ba za a rasa wanda zai bi ta ƙofar gidanku a Zariya ya ce maka Lawal direba yana nemanka ba.

Abu ɗaya nake roƙo: lambar fasfonka. Ita kaɗai. Ko gaisuwa kada ka haɗa da ita in ba ka so.

Za mu je Indiya ganin damisa. Eh, waccan tsohuwar maganar. Kada ka yi tsaki, daga nan ina jin ka.

Ka tuna ɗakinmu na saman bene, mu uku? Ni, da kai, da Salim, Ba'indiyen nan mai soya ƙwai da haɗa shayi a shagon ƙasa. Kana dawowa daga Dir'iyya da laka har cikin kunne, ka zauna a bakin katifa kana yi mana bayanin yadda Larabawa suke gyara tsofaffin gidajensu na ƙasa amma sun manta yadda ake kwaɓa ta. Kai ne kake nuna wa injiniya yadda ake jin laka da tafin ƙafa a san ta nuna. A iƙamarka kuwa, katin zaman ƙasa, an rubuta maka makiyayi. Kai da ko akuya ba ka taɓa ɗaurewa ba! Mun sha dariyar wannan katin, ba mu san shi zai raba mu ba.

A ɗakin nan Salim ya fara kawo mana labarin damisar garinsu. Ba irin tamu mai ɗigo-ɗigo ba, wata ce mai ratsi-ratsi, ja da baƙi, wadda ya rantse ta fi jaki tsawo. Ya ce ƙauyensu a bakin daji yake, da safe sukan tarar da sawunta a gonar kawunsa, faɗinsa kamar faranti. Kai kuma jikan maharba, ina za ka yarda? Ka ce kakanka ya gama da dajin Birnin Gwari bai taɓa ganin kyanwar dawa mai wannan girman ba. Shi da guntun Larabcinsa, kai da naka, kuna ta musu, yana dukan ƙirji yana cewa, "Fi, sadiƙ, wallahi fi!" Wato akwai, aboki, akwai.

Don a kashe musun muka tafi gidan namun daji na nan Malaz, ranar da ake barin gwauraye su shiga. Muka tsaya a rana har rigunanmu suka jiƙe. Damisar kuwa tana kwance bayan wani dutsen siminti, wutsiyarta kaɗai ta bar mana, ita ma ba ta ko motsa ta ba. Ka juya ka ce, "Ni ban ga komai ba. Ko ta fito ma ban gani ba, tunda a kulle take." Salim ya ce to mu zo garinsu. Ka ce ka yarda, na ce na yarda, muka tafa. A lokacin alkawari ba ya yi mana wuya.

To Salim ya koma gida bara, tafiyar da ba dawowa. Duk Juma'a bayan an sauko yakan kira ni ta bidiyo, ya juya wayar in ga bishiyoyin bayan gidansu. Ƙanin matarsa yana tuƙa ɗaya daga cikin buɗaɗɗun motocin da suke shiga da baƙi dajin. Kuma duk kiran da zai yi sai ya tambaya, "Wen Habu?" Ina Habu? Na gaji da ce masa kana lafiya alhali ban sani ba.

Bari ka ji wautar da na fara yi, ka samu abin yi mini dariya. Ka san hutuna yana zuwa ne lokacin da maigidana ya kwashe iyalinsa suka gudu daga zafin Riyad. Na shirya komai a kan wannan lokacin, har na sa rana, na kira Salim ina ta murna. Mutumin nan ya yi dariya har wayar ta faɗi daga hannunsa. Ashe daidai lokacin damina ce a wajensu, rufe dajin ake yi, hanyoyi su zama taɓo, ciyawa ta fi mutum tsawo. Ya ce da zafi ake zuwa, lokacin da ruwa ya janye, kowace dabba dole ta sauko tafki. Na ce a raina, da Habu yana nan da tun farko ya gaya mini. Wane jikan maharbi ne bai san da rani ake tsare bakin ruwa ba? Ni ɗan cikin birni, me na sani ban da sitiyari?

Sai da na koma na roƙi hutu a tsakiyar karatun yara, lokacin da aka fi buƙatata. Ka san halin maigida, ba mugu ba ne, amma kalmar "bukra" ba ta ƙarewa a bakinsa. Gobe, gobe, har wata guda. Sai da na samo wani Basudane da zai riƙe mini motar, na kai shi ya ga hanyar makaranta sau uku, sannan aka buga mini bizar fita da dawowa. Yanzu tana hannuna, kwanakinta kuma ƙidayayyu ne, ko na tafi ko ban tafi ba suna tafiya.

Ga inda ka shigo. Dajin nan ba a zuwa a ce ga ni na zo. Tun da sauran lokaci ake kama kujera a motar, kuma kowace kujera da sunan mai ita da lambar fasfonsa. A bakin ƙofa za su karɓi fasfo su duba, in lamba ba ta yi daidai ba, ko kai wane ne a waje za ka tsaya. Ba a sayen kujera a ce ta wani ce zai zo daga baya. Na tambaya, na sake tambaya, na sa Salim ya je da ƙafarsa ya tambaya. Babu. Kujerun kuma cika suke yi. Ya ce in Alhamis ta sama ta wuce ba mu kama ba, sai dai wata shekarar, ga kuma takardar gayyata da zai aiko maka ka nemi biza da ita, ita ma lokaci take so.

Na san kana da fasfo, kada ka ce mini tsohon ya tsaya a hannun kafilinka, Balaraben da kake zaune a ƙarƙashin sunansa. Ƙaninka ya ce ka yi sabo da aka ɗauke ka aikin gyaran wani masallacin ƙasa a Agadas. Kada kuma ka kawo mini zancen guzuri, wannan ba ita ce matsalar ba, mu biyu mun sani.

Wallahi Habu na zama abin tausayi. In na sauke maigida a Unguwar Ofisoshin Jakadanci ina jiransa, sauran direbobi suna hira a inuwa, ni ina cikin mota na buɗe takardar kama kujerun a waya. Layi na farko Lawal. Layi na biyu Salim. Layi na uku na rubuta Abubakar, in zo wajen lamba in tsaya. In rufe, in buɗe, in fita in zaga motar, in goge gilashin da na riga na goge. Na sayi madubin hangen nesa a kasuwar Batha, yanzu duk tattabarun Malaz da kyanwoyin bakin bola na san su ɗaya bayan ɗaya. Na kalli bidiyon dajin nan har na san kukan da barewa take yi in ta hango damisar, da yadda birai suke ɗauka daga saman bishiya. Wai da wannan kukan masu jagora suke sanin inda take. Jiya a danja wata mota ta yi ƙara, sai da na waiwaya, na ɗauka kukan barewar ne.

Salim ya ce a gaya maka dokoki. Ba a sa fararen kaya, ba a ɗaga murya, ba a sauka daga mota ko da me ya matsa wa mutum. Ba a kuma shafa turare. Da ya faɗi wannan na ce to an gama da Habu, mutumin da in ya shiga lif sai an san ya shiga har la'asar. Na saya maka riga ruwan ƙasa irin tawa. Ban san ko ka yi ƙiba ba, na ɗauki mai ɗan girma.

Ya kuma ce in gaya maka gaskiya: ba a yi wa kowa alkawarin ganin damisar. Wani ya shiga sau huɗu ya fito da hoton sawu kawai. Wani kuma ko minti goma bai yi ba ta fito ta tsallaka hanya a gabansa. Na ce na ji, ko sawun ne a nuna mana, ka auna da tafin hannunka ku ƙarasa musunku.

Na yi ta kewaye-kewaye, Habu. Bari in faɗi abin da ya sa ba ka ɗaukar wayata, tunda ban taɓa faɗinsa da bakina ba.

Ranar da aka kama ka, lokacin da aka tsananta binciken masu aikin da bai dace da iƙamarsu ba, na gan ka. Da hantsi ne, a hanyar Dir'iyya. An zaunar da ku a gefen titi, ku wajen goma, kana na biyu daga ƙarshe, hular aikinka a kan gwiwa. Ina tuƙa uwargidan maigidana da 'yarta. Motoci suka rage gudu, na zo daidai kai, ka ɗago. Ka gan ni, na gan ka. Ka ɗan ɗaga hannu, ba sosai ba, yadda ba za ka jawo mini ido ba. Ko a wannan halin ni kake karewa. Ni kuwa na mayar da idona kan titi na taka mota.

Wayata ta yi ƙara sau uku kafin mu kai gida, na kuma san kai ne. Tana cikin aljihuna, ina jin ta a cinyata. Ban ɗauka ba.

Na gaya wa kaina abubuwa da yawa. Ai da mata a motar. Ai ko na tsaya ba abin da zan iya. Ai takarduna ni ma a lokacin ana kan sabunta su. Duk gaskiya ne, kuma duk ba su ne dalili ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoro tsagwaronsa. Da na ɗauka, da aƙalla na kira kafilinka tun kafin a wuce da ku, ko na kai maka maganin ulsarka inda aka tsare ku. Sai da aka ɗauki hoton yatsunka, aka sa ka a jirgi, aka rufe maka ƙasar nan, sannan na iya haɗa kayanka a jaka na ba wani ya kai maka. Ko 'yar takarda ban sa a ciki ba, don ban san me zan rubuta ba. Salim bai san wannan ba har yau. Zai sani yanzu, akwai masu fassara masa.

Na yi kuskure, ɗan uwana. Na ji kunya, ina kuma jin ta har yanzu. Ina kewarka ƙwarai.

Da nake rubuta wannan na gane wani abu da ban so ganewa ba. Na ce wa kaina Indiya na zaɓa don kai ba ka da hanyar dawowa nan, Salim kuma ba zai iya zuwa Najeriya ba. Amma sau biyu ina zuwa hutu gida cikin shekarun nan, sau biyu motar da na shiga daga Kano tana ratsa Zariya, ban sauka ba. Na fi son mu haɗu a inda aka hana ɗaga murya, muna zaune gefe da gefe, kowa idonsa a daji, ba sai na kalle ka ba. Ka ga har yanzu tsoron bai sake ni ba.

To ga abin da na yanke. In lambar ta zo kafin Alhamis, zan cike layin nan na uku, mu haɗu a garin su Salim, in faɗa maka duk wannan da bakina kafin mu hau motar kowa. In ba ta zo ba, ba zan kama kujera biyu ba. Zan ba Salim haƙuri, in juya tikitina zuwa Kano, in shiga motar Zariya, wannan karon in sauka. Zan zauna a dakalin ƙofar gidanku. In ka fito ka gan ni ka ɗauke kai ka wuce, ba zan ce ka yi laifi ba, ni na fara. Amma washegari za ka sake tarar da ni a wurin, da jibi, har ranar da kwanakin bizata za su ƙare.

Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya raya maka zuri'a, Ya sa albarka a hannun nan naka mai gina wa mutane wurin kwana da wurin sallah. Allah Ya tsare ka daga tsayawa a gefen hanya kana neman wanda zai tsaya maka. Ya yafe mini abin da na yi, Ya kuma sanyaya zuciyarka har ka iya yafe mini, ko ba yanzu ba. Amin.

Ka gaida mutanen gida.

Naka, ko ka amsa ko ba ka amsa ba,
Lawal direba.