Duwatsun Murhun Bara'atu

Laraba, 1 ga Mayu, 2024
Husainatu ta haihu! Namiji! Yanzu aka bugo daga Rabah. Don murna, harufan da na koya a ajin yamma duk sun karkace. Ɗiyata za ta zo wankan jego bayan suna, in mun shirya. In ba mu shirya ba, uwar mijinta ta riƙe ta can, har arba'in.

Alhamis, 2 ga Mayu
Na kai matata Bara'atu ta ga madafar da na gyara mata: siminti, taga, teburin risho. Ta duba, ta duba.
"Malam, ina duwatsun murhuna?"
Na ce magini ya zuba su cikin harsashi.
"To, tukunyar ruwan wanka bisa mi za ta zauna? Bisa risho?"
Ban yi tunanin wannan ba, ko kaɗan.

Asabar, 4 ga Mayu
Ranar kekena. Yau ba yawo na fita ba. Na bi gefen gonakin albasa har bakin gulbi, ina ganin yaron zaune gabana kan ƙarfe, nan da shekara huɗu, yana danna ƙararrawa. Na ɗauko duwatsu uku masu santsi, sawu uku.
Da la'asar aka hura wuta. Ɗaya ya fashe, tau! Kaji suka watse.
"Dutsin gulbi ruwa garai cikinai," in ji ta. "Shekara arba'in kana cin tuwona ba ka sani ba?"

Lahadi, 5 ga Mayu
Tudun da ke hanyar Goronyo. Hawa da turi, gangara kamar tsuntsu, babbar riga cike da iska. Na faɗi sau ɗaya, ba wanda ya gani. Jan dutse busasshe na ɗauko, kamar yadda ta ce. Gwiwata...

Talata, 7 ga Mayu
Duwatsun sun sha wuta kwana biyu, ba su tsage ba. Bara'atu ta buga waya Rabah da kanta, ta ce mun shirya.

Asabar, 11 ga Mayu
Sun iso tun shekaranjiya. Keke na jingine, na ce gwiwa ce. Tun asuba ina tsugune ina gyara itace ƙarƙashin tukunya, ni da ban taɓa daɗewa a ɗakin nan ba. Tururi na fita ta sabuwar taga, yaron na barci a cinyar kakarsa. Bara'atu ta miƙo mini mafici.
Lauwali maƙwabcina ya leƙo yana dariya. Na ce ya shigo, ya kira mutanen masallaci duka, su zo su ga jikana, su ga murhunmu.