Harafin da Ba a Faɗa

Mararaba, ranar Laraba

Yaya Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da Nabilah. Mijinki kuma ki gaishe shi in kin ga dama.

Tunda kin daina ɗaukar wayata, ga takarda nan na ba Zacharias direbanku. Na kwashe kayana, ina ɗakin abokina Maharazu. Na sani ba korata kika yi ba. Cewa kawai kika yi in daina karanta wa Nabilah littafi, in kuma daina zuwa ɗauko ta daga makaranta. To me ya rage mini a gidan? Wankin motar mijinki, oga Abdulhakim?

Duk a kan kalma ɗaya. Island. Na koya mata "islan", ta hau dandamali ranar gasar karatu ta ce "islan", 'ya'yan manya suka kwashe da dariya. Wai "ailan" ake cewa. To uban wa ya saka s ɗin a ciki? In ba za a faɗe ta ba, zaman me take yi a wurin? Ma'anar fa na ba ta daidai: tsibiri, ƙasar da ruwa ya kewaye. Ki tambayi masu dariyar ko sun sani.

Ke an kai ki jami'a a Gwagwalada, kin ji Turanci daga bakin malamai. Ni ina aji huɗu Baba ya zaunar da ni a shago. A tsofaffin jaridun da muke ƙunshe kaya na koyi nawa, jarida kuwa ba ta da baki. Da ido na san kalmomin nan, ban taɓa jin muryarsu ba. Amma wa ya zaunar da yarinyar nan har ta so littafi? Ku da kuke dawowa daga ofis kowa ya duƙufa a waya?

Na san aikin mijinki ne. Tun ranar da na ce "Wedinesde" a gaban abokansa yake kallona kamar ƙuda a shayi. Ki ce ya zo ya faɗa mini da bakinsa, da wannan Turancin nasa na hanci.

Wassalam.
Ƙanenki, in har yanzu ana ƙirga ni,
Saleh

Gwarimpa, ranar Juma'a

Zuwa ga ƙanena Saleh,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Ka gaida Maharazu, ka yi masa godiya.

Na ƙi ɗaukar wayarka ne don kada in faɗi abin da yanzu ka tilasta mini rubutawa. Abban Nabilah ba ruwansa. Shi ne ma ya ce a bar maganar, yara za su manta.

Nabilah ce ta roƙe ni.

Tun ranar gasar 'yan ajinsu suka daina kiranta da sunanta, sai "Islan". Malamarsu Cynthia ta tambaye ta a gaban aji wa ya koya mata, sai ta ce wani mai aikin gidanmu ne. Da ta dawo ta ƙi cin abinci, tana kuka wai ta yi wa Kawu ƙarya. Ta ce kada in bari ka sake zuwa bakin get, don in ka kira ta a gabansu za su gane kawunta ne. Littafin kuma ta ce tana tsoron kowace kalma da ta ji daga bakinka, ba ta san wacce za ta sake jawo mata dariya ba.

Shekararta takwas, Ɗan'auta. Kada ka riƙe ta.

Ban manta wanda ya zauna a shago na tafi makaranta ba. Amma ita ce za ta shiga ajin nan gobe da jibi, ba ni ba, ba kai ba. Ɗakinka yana nan, ban bari an taɓa shi ba.

Allah Ya huci zuciyarka. Ka huta lafiya.
Yayarka ta kullum, ko da yake kana fushi,
Sa'adiya

Mararaba, ranar Asabar

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta. Ki ba oga Abdulhakim haƙuri.

Ba zan dawo ba. Kada ki gaya wa Nabilah na sani. Ki ce aiki na samu a nan.

Akwai wata kalma a labarin da za su yi ranar Litinin, sword, takobi. Na koya mata "suwod". Jiya na sa wayar Maharazu ta faɗa mini, ashe "sod" ne. Ki gyara mata kafin ta tafi. Ki ce ke kika lura.

Sai wata rana.
Saleh