Idon Ruwan da ke Bayan Jan Dutse

Litinin, 2 ga Satumba
Jikata Aizirek ta zo daga ofishin gandun namun daji da tsohuwar taswira, duk zane-zane kamar fatar wuyana. Ruwan madatsa ya ja baya, bakinsa ya zama taɓo, ragunan daji na maƙalewa. Suna neman idon ruwan da Rashawa suka zana tun ina yarinya, su killace wa namun daji. To awakina goma sha bakwai su sha me? Shayi?

Laraba, 4 ga Satumba
Kwana biyu suna haƙa a inda takarda ta ce. Ƙura kawai. Na yi dariya har kurut, busasshen cukun da nake tsotsa, ya shaƙe ni. Ina shekara tara masu awo suka zo, suka ba ni sukari in nuna musu ruwa. A gidanmu ba a nuna wa baƙo idon ruwa. Na sha sukarin, na kai su kwazazzabon da ko ƙadangare ba ya fitsari. Suka zana.

Asabar, 7 ga Satumba
"Kaka, awakinki kullum cikinsu taf. Ina suke sha?"
Na ce, "Ke da kika yi boko, tambayi takardarki mana."
"Wallahi tsohuwar nan kin san wani abu."
Na ce na san hancinta na kakanta ne, Allah ya ba mijinta haƙuri.
Ba zan faɗa ba. Ubana bai faɗa ba.

Talata, 10 ga Satumba
Ba zan faɗa ba.

Alhamis, 12 ga Satumba
Sun ciro tunkiyar daji daga taɓo da igiya, ta riga ta mutu. Aizirek ta shigo laka har ƙugu. Ba ta tambaye ni komai ba, ko tsokana babu. Na gwammace ta zage ni.

Juma'a, 13 ga Satumba
Gwiwata ce ta matsa, shi ya sa na ce Aizirek ta raka ni kiwo. Ni dai hanyar bayan jan dutse na bi, kamar kullum. Idan mutum na da ido ya ga ruwa, laifina ne?
Ta durƙusa ta sha, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce za ta roƙa a bar wa awaki ƙofa da safe, amma ba ta yi alkawari ba.
Tana buɗe taswirar, fensirinta ya faɗi a ciyawa. Ni na miƙa mata.