Sista ta hana kunun kanwa

Mabera, Sakkwato

Malam, salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da yara. Ƙafar Inna da sauƙi? Nan jariri lafiya lau, ubansa ma lafiya. Uwarsa, 'yarmu Murja, ce dai ba ta jin daɗi, amma kada hankalinka ya tashi.

Tun bayan suna ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya. A asibitin unguwa ba mu tarar da likita ba, sai nas, Sista Rifkatu. Tana duba ta, ta juyo ta ce, “Mama, kanwa nawa kike zuba mata a kunu?” Na gaya mata. Ta ce, “Zuciyarta kike wahalarwa, ki daina daga yau.” Ni da hannuna nake dama kunun nan, Malam.

Maganin kuwa, kwana biyu muka jira likita ya sa hannu. Da ni ce hukuma, da na bar irin su Sista su rubuta da kansu.

Kumburin yana sauka, alhamdulillahi. Ka bar ni in ƙara wata guda, ba zan iya tahowa in bar ta haka ba. Ka aiko da amsa kafin Juma'a, ranar da direba zai zo ɗaukata.

Matarka,
Hajara