Inuwar Baba da Ƙafata

Zongo, Lome
4 ga Maris, 1956

Zuwa ga ƙanena Abdulwahidu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina sanyin Faransa, ina karatu? Mu nan lafiya, sai kewarka.

Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Baba har sau uku. Ka ce hanya uku ce a gabanka a jami'a: ka karɓi takardar da suke kira lisans bana ka dawo ka koyar da lissafi, ko ka bi aikin injiniya, ko ka ƙara shekara biyu kan lissafin tafiyar rana da taurari. Ni dai so samu ne ka dawo, ba zan ɓoye ba. Amma Baba yana jin ta ukun sai ya gyara zama. Wai shekara talatin yana auna inuwarsa da tafin ƙafa kafin ya kira Azahar da La'asar, kuma a nan ka koyi ƙirga, kana biye da shi a ƙofar masallaci. Ya ce ka ɗauki ta ukun, kada ka waiwayo. Lafiyarsa ƙalau.

Ka riƙa cin abinci, na san halinka in ka sami takarda.

Yayarka,
Rabi'atu

Zongo, Lome
19 ga Yuli, 1957

Ƙanena,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kuma an gama jarrabawa. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi. Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu haƙuri.

Abdulwahidu, ƙarya na yi maka. Tun kafin wasiƙarka ta bara idonsa ya soma tafiya. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba, don ya san ranar da ka ji za ka tattara ka hau jirgin ruwa. Kullum sai in bar rumfar atamfata a kasuwar Adawlato in zo gida, ya tsaya a rana kamar yadda ya saba, ya ce in auna inuwa in gaya masa, sannan ya lallaba masallaci. Shi ya ɗauka tawa nake aunawa. Ni kuwa, da jahilcina, tasa nake takawa da 'yar ƙafata, ban san inuwar mutum da ƙafar mai ita ake auna ta ba. Ƙirga ya yi yawa. Kwana shida yana kiran La'asar kafin lokaci, har Alhaji Sulemana, mai goron nan, ya zaro agogon aljihu a gaban jama'a. Asiri ya tonu. Aka rataya agogo a masallaci, aka ba wani ladanci.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Murmushi kawai ya yi, ya ce da kai ne da ka gane tun ranar farko. Daga nan bai ƙara tsayawa a rana ba, jiki ya yi ta ja baya, ni kuma ina ta rubuta maka lafiya ƙalau. Abin yana cin raina. Ka yafe mini.

Ka zauna ka gama shekarar da ta rage, wasiyyarsa ce. Akwai kuma ɗaya, ya maimaita ta sau biyu don kada in manta. Ya ce in ka dawo da iliminka, ka je ka duba musu agogon nan na masallaci, shi har yanzu bai yarda da shi ba.

Kowa na Zongo yana yi maka ta'aziyya.

Yayarka,
Rabi'atu