Sifikar Baba da Fentin Mota

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka buɗi a inda kake, ya kare ka daga duk abin ƙi. Mu nan kowa lafiya lau. Babban labari shi ne aikin idon Baba ya yi kyau, alhamdu lillahi. An cire yanar, ya gama jinya a gidan Goggo ya dawo gida, yanzu har allura yake nuna wa Mama in ta faɗi ƙasa. Amma akwai abin da ya faru ana cikin wannan hidimar, wanda na ƙi faɗa maka a waya don na san dariya za ka yi mini tun ban kai ƙarshe ba.

Ka san sifikun nan biyu na Baba, masu akwatin katako ruwan ƙasa, waɗanda ya saya tun kafin ya auri Mama, yake shafa musu mai da tsumma, ba ya barin kowa ya taɓa. Kafin a tafi asibiti rufin falo ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa gindin ta hagu har katakon ya kumbura. Ranar tafiya sai Baba ya kira maigidana ya ce ya ɗauke ta ya gyara mata gindin. Yaya, ka san yadda suke. Tun da aka yi aurenmu Baba bai taɓa faɗa masa baƙar magana ba, amma bai taɓa sake masa fuska ba, gaisuwa ce kawai take haɗa su, kuma ko a bayan idonsa ba ya kiransa da komai sai mai fenti. Wannan ne karo na farko da ya damƙa masa wani abu nasa. Bawan Allah ya rungumo sifikar nan bakinsa har kunne, ni kuma na ce a raina ƙila Allah ya kawo ƙarshen wannan zaman ɗari-ɗari da ya daɗe yana ci mini rai.

To, mutumin da ya yi rayuwarsa yana fesa wa motoci fenti, duk abin da ba ya ƙyalli a wurinsa ba a gama shi ba ne. Ya kai ta garejinsu ya gyara gindin tsaf, sai ya ga ai abin kunya ne ya mayar wa surukinsa kaya a dushe. Ya bi ta da samfefa, ya cike duk wani ƙwarzane da filar da suke gyara lotsawar mota da ita, har wani rami da ya gani a bayanta ya toshe, wai don kada kyankyaso ya shiga. Sannan ya fesa mata baƙin fentin da ya fi kowanne kyau a garejin. Da ya kawo ta gida ya yaye ƙyallen da ya rufe ta da shi, yana jira in yaba. Na zauna a hannun kujera ina salati. Ya tambaye ni ko bai yi kyau ba ne, na ce masa kyau kam ta yi, sai dai ba sifikar Baba ba ce kuma.

Daga nan kowa ya zama masani. Maƙwabcinmu dillalin tsofaffin kaya ya leƙo ya ce an kashe ta, wai masu neman irinta katakon suke bi, yanzu ko kyauta ba za su karɓa ba. Yaranmu suka ce yanzu ne ma ta yi kama da abu mai tsada. Kafintan layinmu ya ce kada a yi gangancin kankare fentin, domin fuskar katakon siririya ce, samfefa ta riga ta cinye rabinta. Mama kuwa da ta gani sai ta ja ni gefe ta ce mini ita fa tun tana amarya wannan ruwan ƙasan bai taɓa burge ta ba, shiru kawai ta yi, amma kada in kuskura in ce ta faɗa. Shi kuma maigidan nawa ya daina cin abincin kirki. Har ya kawo shawarar ko mu ce ruwan ne ya lalata ta gaba ɗaya, na ce masa ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba, kuma ba a kan akwati zan fara ba.

Ranar da Baba ya dawo muka ajiye ta a mazauninta kusa da 'yar'uwarta, muka yi tsuru-tsuru. Ka duba ikon Allah, mutumin da ya yi shekaru yana lalube, sai yau da idonsa ya buɗe tar zai tarar da wannan. Ya shigo ya tsaya a gabanta. Ya sunkuya, ashe fuskarsa yake gani a jikin fentin, sai ya ce ashe haka ya tsufa ba wanda ya gaya masa. Ya juya kan ta dama, wadda a zuciyarsa har yanzu sabuwa ce, ya ga zoben kofin shayi a kanta, ya ga inda rana ta koɗe gefenta, ya ga wata mota mai ƙafa uku da aka zana da ƙusa a can ƙasa. Ya tambayi wane ne ya yi wannan aika-aika. Ka yafe mini Yaya, na faɗi sunanka, domin a lokacin duk wanda zai ɗauke hankalin Baba daga kan mijina ina maraba da shi.

Sai ya kunna rediyo ya rufe ido. Bai jima ba ya ce baƙar tana magana kamar mai mura, me aka yi mata. Maigidana ya durƙusa, ya faɗi komai har da toshe ramin. Baba ya ce masa ta nan take shaƙar iska, in ka toshe wa mutum hanci ai dole muryarsa ta canza, ya je ya ɗauko wuƙa. Haka suka zauna a ƙasa su biyu, shi yana sassaƙe filar a hankali, Baba yana haska masa da tocila yana cewa ya bi sannu. Da ramin ya buɗe muryar ta dawo da kaurinta yadda muka san ta. Baba ya ce shi dai har gobe katako ya fi masa, fentin nan ya yi masa kama da motar ɗaukar amarya, amma aikin hannu ne mai tsabta, bai ga ɗigo ko ɗaya ba. Da aka gaya masa abin da dillali ya ce, sai ya ce shi bai tuna ya kai ta kasuwa ba. Ya yanke hukunci a bar su haka, ɗaya baƙa ɗaya ruwan ƙasa, kuma duk wanda ya kusanci ta dama da fenti zai gamu da shi.

Ni dai ban gama yarda an wuce wurin ba sai jiya. Ina cikin wanke-wanke wayata ta yi ƙara, na ga Baba ne, na goge hannu da sauri na ɗauka ina gaishe shi. Bai bari na gama ba ya ce ba ni yake nema ba, in ba ɗansa wayar, yana so ya zo su duba wayar rediyon tare. Na miƙa wa maigidana wayar, na koma kan kwanukana, na yi kukana son raina.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da Mai-sunan-Baba da 'yar autarku. Mama da Goggo da Kawu suna gaishe ku, surukinka ma ya ce a miƙa gaisuwarsa. Allah ya sada mu da alheri.

Taka,
Ƙanwarka