Muryar Baba a Cikin Waya

Birnin Konni, Maris 2007

Yaya Moctar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Faransa bai ƙarasa ka ba. Inna na gaishe ka daga Tajaye.

Kafin Baba ya rasu ya ce zai bar maka magana a wayar da ka aiko mishi. Na nuna mishi inda ake dannawa a ɗauki murya, ya kore ni daga ɗakin, wai zancenku ne. Ban saurara ba, wallahi. To, ranar sadakar arba'in wayar ta faɗo daga amalanken jaki, ta mutu.

Ashiru mai gyaran waya ya ce wata 'yar ƙafar ƙarfe ce ta ɓalle a ciki, kuma in ya sa zafin dalma, wurin da muryar take zai ƙone. Na hana shi taɓawa. Kai da kake ta karatun liƙa ƙarafa, ga ranarka ta zo.

Ƙanwarka,
Nafissa

*

Autar Inna,

Na amsa gaisuwa. Ga ɗan kwaɓi nan a kwalba na ba Alhassan ɗan Malbaza da zai taho gida ya kawo miki. Garin azurfa ne, ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba, shi ya sa yake kama ƙarfe da zafi kaɗan. A kansa nake bincike. Na rubuta wa Ashiru yadda zai yi. Ki aje shi gindin randa, bai son zafi. Kuma ki faɗa wa Inna ba na ido ba ne!

Tsoro nake ji, Nafissa. Ban samu jana'iza ba, kar in rasa wannan ma.

Yayanki,
Moctar

*

Yaya,

Bayan gaisuwa, ta kama! Ashiru ya liƙa ƙafar da kwaɓin, wayar ta tashi. Na kai Tajaye munka kunna da Inna.

Ashe Baba bai gane ba, ya ɗauka kiranka ya yi. Ga duk abin da ke ciki: "Moctar. Moctar, kana jina?" Sai shiru mai tsawo, ana jin numfashinsa da kukan akuya, yana jiran ka amsa. Can ya ce, "To, ko yana lakwal wurin karatu. Kar in dame shi."

Ka yi haƙuri, babu ƙari. Inna ta yi dariya har ta yi kuka.

Allah ya bar zumunci,
Nafissa

*

Nafissa,

Ina gaishe ku. Ki kai wa Inna takardar nan. Ki kunna wayar, in an zo wurin shirun, ki karanta da ƙarfi:

Na'am, Baba. Ina jinka.

Moctar